YADDA A KE AUNA AIKIN MALAMIN MAKARANTA

Kai mai karatu, in ka tafi kasuwar Jibiya sayen gero, ba ka yarda mai hatsi ya zuba maka cikin buhu da ka, ya ce tiya goma ke nan. Sai ka tsaya a auna a gabanka, kana ƙidaya. In kuwa ka ga gindin tiyar a lotse ya ke, ka ce a kawo wata. Haka in za ka sayi yadi, sai an gwada. In rago ne, sai ka taɓa ƙirjinsa da gadon bayansa. Ba wanda zai ce ka yi rashin kunya, gama kowa ya san ba a cinikin biri a sama.

To, akwai wani abu wanda ya fi gero da yadi tsada, amma yawancinmu mu kan karɓe shi ba awo, watau karatun 'ya'yanmu. Ka ɗauki ɗanka yana da shekara 6, ka kai shi makarantar firamare, ka danƙa shi ga malami. Zai yi shekara 6 a can. In ya fito ya iya karatu da rubutu da lissafi, ka ci riba. In kuwa ya fito ko wasiƙa ba ya iya karantawa, shekarun nan sun tafi ke nan, ba kasuwar da a ke sayo su. Kai da ka koyi karatu da girmanka, ka fi kowa sanin wahalar abin da aka bari ya wuce tun ana yaro.

Saboda haka ne hukuma ta ajiye ƙa'idodi na auna malamai, ta san mai ƙoƙari ta ƙara masa girma, ta san mai rauni ta gyara shi. Nufin wannan ɗan littafi shi ne ya bayyana maka ƙa'idodin nan, ka san yadda a ke awon, ka san inda mudun ya ke da kyau da inda ya lotse, ka kuma san cewa kai ma kana da hannu a ciki.

MASU RIƘE DA MUDU

Bari mu ɗauki gari ɗaya mu yi misali da shi. Ga Mazanya, cikin ƙaramar hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, kusa da Magama inda ƙofar iyaka ta ke, a kan hanyar da ta nufi Maraɗi. Malamin firamare na gari irin wannan, ko da ya ke ka gan shi shi kaɗai cikin aji, ba gaban kansa ya ke ci ba. Akwai idanu da yawa a kansa.

Na kusa da shi shi ne hedimasta, wanda ya ke ganinsa kullum. Bisa hedimasta akwai ofishin ilmi na ƙaramar hukuma a Jibiya, shugabansa shi a ke kira Sakataren Ilmi, yana da ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan su zaga makarantu. Bisa wannan kuma akwai hukumar ilmin firamare ta jiha a birnin Katsina, wadda a ke kira SUBEB. Ita ke da maganar ɗaukar ƙwararrun malamai da ƙarin girmansu da horonsu. A Abuja akwai uwarta, wadda dokar 2004 ta kafa domin ko wane yaro ya sami karatun shekara 9 kyauta. Har wa yau akwai wata hukuma dabam mai rajistar malaman ƙasa duka, sunanta TRCN, an kafa ta a 1993.

Waɗannan duka abu uku su ke dubawa. Na fari, takardar malami. Na biyu, aikinsa. Na uku, abin da yaro ya iya. Za mu bi su ɗaya ɗaya, amma bari mu waiwaya baya kaɗan tukuna, gama abin ba yau ya fara ba.

ASALIN ABIN

A 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda mutane suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Tun daga nan aka ga ba a samun makaranta sai da malamai, ba a kuwa samun malamai sai an horar da su. Don haka a 1921, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka buɗe kwalejin horon malamai a birnin Katsina. A nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, ya fita ya koyar a Midil ta Sakkwato. A nan kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi, ya koma ya koyar a Midil ta Bauci. Ka ga ashe manyan da suka riƙe ƙasa da alli suka fara. An ta da kwalejin zuwa Kaduna a 1938, amma tsohon gininta yana nan a Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi.

A zamanin En'e, Baturen makaranta ya kan fita rangadi ya duba makarantun elementare. A kan kuma zaɓi gogaggen malami a sa shi zagaya makarantun lardi, ya zauna cikin aji ya ji darasi, ya rubuta abin da ya gani. Malamai kuwa an kasa su daraja daraja bisa ga takardunsu: akwai mai daraja ta uku, da ta biyu, da ta ɗaya. Ta biyun ita ce dattawa suka sani da Gired Tu.

A 1976 gwamnati ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa. Yara suka yi ambaliya, malamai suka kasa. Aka ɗebo mutane da gaggawa, waɗansu da ɗan horo kaɗan, waɗansu ba horo ko kaɗan, aka ba su aji. A shekaran nan ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malami ya ƙaro ilmi yana bakin aikinsa. Tun daga lokacin nan maganar auna malamai ta ƙara nauyi.

AWO NA FARI: TAKARDA

A yau ƙa'idar ilmi ta ƙasa ta ce mafi ƙanƙantar takardar da mutum zai koyar da ita ita ce NCE. Karatun shekara 3 ne bayan sakandare, a kwalejin horon malamai, irin ta tarayya da ke birnin Katsina, ko ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma. An daina ba da Gired Tu. Wanda kuma ya yi digiri a wani fanni ba na koyarwa ba, sai ya ƙara da difloma ta koyarwa, gama sanin abu dabam, iya koyar da shi dabam.

Bayan takarda sai rajista. Hukumar TRCN ta kasa malamai rukuni huɗu. Rukunin A masu digirin dakta, B masu digiri na biyu, C masu digiri na fari, D masu NCE. Tun 2017 ba ta sa sunan sabon malami cikin rajista sai ya ci wata jarrabawa da a ke yi da kwamfuta. In ya ci, a ba shi takardar shaida da lasin koyarwa, kamar yadda a ke ba direba lasin tuƙi, lasin nan kuwa sabunta shi a ke yi.

Takarda ita ke nuna matakin albashin da malami zai fara da shi. Matakan aikin gwamnati 17 ne, tun gyaran da kwamitin Udoji ya kawo a 1974. Mai NCE ya kan fara daga mataki na 7, mai digiri daga na 8.

Amma kada ka ɗauka takarda ita ce malami. Takarda shaida ce cewa mutum ya taɓa zama gaban malamai ya ci jarrabawa. Ba ta faɗa maka ko ya zo aiki jiya ba. Kai ma ka san mai lasin tuƙi wanda ba za ka yarda ka shiga motarsa ba.

AWO NA BIYU: AIKI

Farkon aiki zuwa wurin aiki. A ofishin hedimasta akwai littafin sa hannu. Ko wane malami in ya iso ya rubuta sunansa da lokacin da ya zo. In lokaci ya cika, hedimasta ya ja layi da jan biro, duk wanda sunansa ya zo ƙarƙashin layin ya makara. Wanda ya yi fashi ba izini, a kan ba shi takardar tuhuma ya amsa a rubuce. In abin ya yi yawa, a kai maganarsa gaba. Wannan daidai ne, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sa'an nan akwai littattafan da ya wajaba malami ya riƙe. Akwai rajistar aji, inda ya ke kiran sunan yara safe da rana. Akwai tsarin aikin zango, wanda ya nuna abin da za a koyar mako mako. Akwai littafin shirin darasi, inda zai rubuta tun kafin ya shiga aji abin da ya ke so yara su iya kafin a tashi, da hanyar da zai bi, da tambayoyin da zai gwada su da su. Hedimasta ya kan duba shi ya sa hannu. Akwai kuma littafin maki, inda a ke tara sakamakon gwaje-gwajen yara tun farkon zango har ƙarshe.

Amma babban awo shi ne a shiga aji a zauna. Mai duba makaranta ya kan sami wuri a baya, ya yi shiru, ya bi darasi daga farko har ƙarshe. Ga irin abin da ya ke tambayar kansa. Malamin nan ya san abin da ya ke koyarwa, ko kuwa kwafa ya ke yi daga littafi zuwa allo, har da kuskure? Yara sun fahimci maganarsa? Shi kaɗai ke magana, ko yara ma suna yi? In ya yi tambaya, 'yan gaba uku masu ɗaga hannu kaɗai ya ke kira, ko ya kan kai ga na baya da 'yan mata? In yaro ya yi kuskure, gyara masa ya ke yi, ko tsawa? Daga nan ya karɓi littattafan yara kamar biyar, ba waɗanda malami ya zaɓa ba, ya ga yaushe rabon da a duba su.

Littafin da gwamnatin tarayya ta shirya domin masu wannan aiki ya ce makaranta ta fara auna kanta da kanta, sa'an nan baƙi su zo su ga ko gaskiya ta faɗa. Ya kuma kasa sakamako daraja biyar: mafifici, mai kyau, madaidaici, mai rauni, da mai rauni ƙwarai. Nufin duk wannan gyara ne. Mai dubawa na kirki ba ya hawa babur ya tafi sai ya zauna da malami su biyu, ya faɗa masa inda ya yi daidai da inda zai gyara, ya kuma komo wata rana ya ga ko an gyara.

RAHOTON SHEKARA DA ƘARIN GIRMA

Ko wace shekara a kan cika wa malami takardar rahoto. Shi ya rubuta aikin da ya yi, hedimasta ya ba shi maki a kan zuwa aiki, da sanin aiki, da hali, da zama da abokan aiki. A da rahoton asiri ne, mutum bai san abin da aka rubuta a kansa ba. Bayan gyaran 1974 aka mai da shi a fili: ma'aikaci ya karanta, ya sa hannu, in bai yarda ba ya rubuta dalilinsa.

Bisa ƙa'idar aikin gwamnati, wanda ke tsakanin mataki na 7 da na 14 sai ya yi shekara 3 aƙalla a mataki guda kafin a duba ƙarin girmansa. A kan haɗa rahotanninsa na shekarun nan, da daɗewarsa a aiki, da jarrabawa ko ganawa da a ke yi masa.

A nan ne mudu ya kan lotse. Hedimasta da malami gari ɗaya su ke, masallaci ɗaya, watakila ma akwai surukuta. Kunya ta kan hana shi rubuta gaskiya, sai ya ba kowa maki mai yawa. In kuwa kowa ya zama mafifici, ai ba a auna kowa ba. Mai ƙoƙari ya ga an daidaita shi da malalaci, gwiwarsa ta yi sanyi. Wani lokaci kuma malami ya cika sharaɗi duka, ƙarin girman ya makara, ko takarda ta fito kuɗin bai biyo ba. Wannan ma tauye mudu ne, sai dai a nan malami aka tauye wa.

RANAR DA AKA YI WA MALAMAI JARRABAWA

Da ya ke rahoton shekara ba ya rarrabe gwani da na baya, waɗansu gwamnatoci sun ɗauki wata hanya, suka zaunar da malamai a benci. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna, zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i, ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da irin tambayoyin 'yan aji huɗu. Aka ce sai wanda ya sami 75 cikin 100 ya ci. Malamai 21,780 ba su kai ba, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta ƙi yarda, ta ce auna malami aikin TRCN ne, ta tafi yajin aiki a Janairun 2018. Gwamnati ba ta janye ba, ta ɗauki sababbi. Ba a daɗe ba kuma ta sallami fiye da 4,000 daga cikin sababbin, ta ce su ma ba su isa ba.

A shekaran nan ta 2017, cikin watan Yuli, maƙwabtanmu na hayin iyaka suka yi irin wannan. Gwamnatin Nijar ta yi wa malaman firamare 'yan kwantaragi jarrabawa, har da na jihar Maraɗi. Su a can bisa 20 su ke ba da maki. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne suka kai 10. Can ma ƙungiyoyin malamai sun ja da abin. Aka sallami waɗansu, aka mai da waɗansu horo.

Jihar Katsina kuwa a 2023 ta ɗauki malamai fiye da 7,000, amma sai da aka yi wa masu nema jarrabawa tukuna. Watau an auna a ƙofa, kafin a shigo.

Me za mu koya a nan? Abu biyu. Na ɗaya, gaskiya ce mai ɗaci cewa akwai masu riƙe da alli waɗanda ba su iya abin da su ke koyarwa ba, wanda kuwa ba shi da abu ba ya ba da shi. Na biyu, korar mutum sauƙi gare ta, samun wanda ya fi shi ne wuya. Ko wane malami da aka sallama mai gida ne, akwai bakuna a bayansa, ko wane aji kuma da aka bari ba malami, 'ya'yan wani ne a ciki. Shi ya sa awo a ƙofa ya fi awo bayan mutum ya shekara 20 yana aiki. Jarrabawar takarda kuma iyakarta ta nuna abin da ke cikin kan malami. Ba ta nuna ko ya iya zuba shi cikin kan yaro ba.

AWO NA UKU: YARO

Manomi ba a auna shi da kyan garmarsa, sai da abin da ya shiga rumbu. Haka malami, amfanin gonarsa shi ne yaro. Wannan shi ne awon da ya fi sauran gaskiya.

A 2015 aka fara wani shiri mai suna RANA a jihohin Katsina da Zamfara, domin koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku karatu da Hausa. Masu irin wannan aiki suna da hanyar gwaji mai sauƙi. A zaunar da yaro shi kaɗai, a ba shi ɗan labari wanda bai taɓa gani ba, a duba agogo, a ƙidaya kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sa'an nan a tambaye shi abin da labarin ya ce. Ba a yi wa wannan gwaji dabara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Amma shi ma wannan awo yana da tarko, Ingila ta taɓa faɗawa ciki. A 1862 aka yi doka a can cewa kuɗin da gwamnati za ta ba makaranta ya rataya ga jarrabawar yara. Ko wane yaro sule 8 ne a kansa. In ya faɗi karatu, a yanke sule 2 da kwabo 8, haka in ya faɗi rubutu, haka lissafi. Da malamai suka ga abincinsu ya rataya ga rana ɗaya, sai suka koma sa yara hadda. Yaro ya haddace littafin jarrabawa kamar aku, yana biyawa, bai san abin da ya ke faɗa ba. Kafin shekarar 1900 aka watsar da dokar.

Ga kuma wani tarkon. A ce ga mutum biyu sun yi turkar rago domin Layya. Na fari ya sayo ƙosasshe, ya ɗaure shi wata uku, bai ƙaru da kome ba. Na biyu ya sayo ramamme, ya yi ta ɗawainiya da shi da harawa da dusa har ya murmure, ko da ya ke bai kai na farin girma ba. Wanne ne gwanin kiwo? Ai na biyu. To, haka malamai. Wani yana cikin birni da yara 40, iyayensu duk masu karatu. Wani yana ƙauye da yara 100, ba mai littafi a gidansu. In aka dubi sakamakon ƙarshen shekara kaɗai, an zalunci na ƙauye. Awon adalci shi ne a gwada yara a farkon shekara, a sake gwada su a ƙarshe, a ga tafiyar da malami ya yi da su.

HAKKIN MALAMI

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wanda zai auna malami, shi ma akwai abin da ke kansa. Ƙa'idar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. In an tara masa ninki biyu ko uku na wannan, ba zai iya duba littafin ko wane yaro ba, ko da shi waliyyi ne. Hakkinsa ne a biya shi albashi kan kari, a ba shi alli da littattafai, a kira shi horo, a faɗa masa ƙa'idar da za a auna shi da ita tun kafin a auna, a kuma saurare shi in yana da ƙorafi.

A ƙasar Jibiya akwai kuma maganar tsaro. A shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyuka, makarantu da dama sun rufe, mutane suka yi hijira. Malamin da bai je ƙauyen da mutanensa ma suka watse ba, ba a sa shi layi ɗaya da wanda ya bar aji ya tafi harkar kasuwancinsa. Yaran da suka yi wata da watanni ba karatu kuwa, ba a ɗora wa malami laifin koma-bayansu.

NAKA RABON

Mai duba makaranta ya kan zo ne jifa-jifa. Kai kuwa kullum yaron yana kwana gidanka. Da can in ya kawo maka littafinsa, sai dai ka juya shi ka mayar masa. Yanzu Allah ya buɗe maka ido, mudu ya shigo hannunka. Ga abin da za ka yi.

1. Ko wane mako ka karɓi littafin rubutunsa. Ka dubi kwanan wata. Ka ga ko an yi aiki cikin makon nan, ko kuma malami ya bi da jan biro ya gyara.

2. Ka sa ya karanta maka. Kada ka bar shi ya zaɓi shafi, domin watakila hadda ce. Ka rubuta masa layi biyu da hannunka, ko ka buɗe masa wannan littafi ko'ina. In ya gama, ka tambaye shi abin da ya karanta.

3. Ka gwada shi da lissafin kasuwa. In tiya ɗaya kaza ce, tiya uku nawa? In na ba da kaza, canjina nawa?

4. Wata rana ka bi ta makaranta ba sanarwa, da hantsi. Ka yi sallama da hedimasta, ka ga ko malamai suna cikin aji.

5. Ko wace makarantar gwamnati an ce ta kafa kwamitin mutanen gari mai kula da ita, wanda ya haɗa mai gari ko wakilinsa, da malaman addini, da iyaye maza da mata, da hedimasta. In an kira taro ka je, ka yi magana.

In ka ga abin da bai gamshe ka ba, kada ka zagi malami gaban ɗanka, gama yaron da ya raina malaminsa ya gama koyo a wurinsa. Kada kuma ka yanke hukunci da gani ɗaya. Ka fara samun malamin ku yi magana cikin mutunci, watakila akwai dalilin da ba ka sani ba. In ba a gyara ba, ka gaya wa hedimasta. In ya faskara, ku kai wa kwamiti, kwamiti ya rubuta wa Sakataren Ilmi a Jibiya, a sa rana da wata da abin da aka gani. Magana a rubuce ta fi ƙorafin bakin kasuwa nisan tafiya.

In kuwa ka ga malami mai ƙoƙari, wannan ma ka faɗa. Ka gode masa, ka faɗa a taro, ku rubuta wa ofis. Sau da yawa mu kan tuna da malami ran da ya yi laifi kaɗai.

Daga ƙarshe, ka auna kanka. Yaron da a ke tura shi talla wurin motocin bakin iyaka ran makaranta, ko a tsare shi a gona tun daga shuka har girbi, ko a bar shi ya tafi ba fensir ba littafi, ba malamin da zai iya da shi. Rajistar nan da a ke kiran suna safe da rana, ba malami kaɗai ta ke ba da shaida a kansa ba, har da kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, yau da dare in an ci tuwo, ka kira yaron nan, ka kunna fitila, ka ce ya ɗauko littafinsa. Allah ya ba mu malamai na gari, ya ba mu ikon sauke hakkinsu, ya sa wa 'ya'yanmu albarka. Amin.